FILIN MANOMA: Mota Tana Juyi, Amma Ta Ƙi Tashi

Tun zamanin da, manomin birnin Kano bai rabu da sufuri ba. Mutum yana zaune a Dala, ko Yakasai, ko Gwale, gonarsa kuwa tana can wajen Ungogo, ko Kumbotso, ko Dawakin Kudu. Da rani a kwashi taki da toka da shara daga cikin birni a kai gona, da kaka a kwaso dawa da gero da gyaɗa a shigo da su gida. A da jaki ke wannan aiki da mangala. Yanzu mafi yawan aikin ya koma kan mota, musamman akori-kura.

Motocin nan galibi tsofaffi ne, don manomi da ƙaramin ɗan kasuwa ba su da ƙarfin sayen sabuwa. Peugeot 404 ta fito a Faransa cikin 1960, 504 ta biyo ta cikin 1968, an kuma fara harhaɗa Peugeot a Kaduna cikin 1975. Har yanzu a kan ga ragowarsu suna dakon buhuna a hanyoyin ƙauye, tare da tsofaffin motocin Japan. Tsohuwar mota tana da wani hali da kowane mai ita ya sani: a murɗa makulli da asuba, inji ya yi ta juyi, ya yi ta gurnani, amma ya ƙi kamawa.

Hasarar da ke cikin wannan ba kaɗan ba ce. Wanda ya yi lodin tumatir daga Kadawa ko Kura za shi 'Yankaba, in motarsa ta ƙi tashi har rana ta take, kwandunan sun fara zubar da ruwa, ya isa kasuwa an watse. Wannan hasara ɗaya ke nan. Ta biyu, garin naci ya kashe batir. Ta uku, ita ce mafi ciwo, ya aika yaro Ƙofar Ruwa a sayo sabon kwayil, bai yi ba, a sayo famfon mai, bai yi ba, alhali kuwa wata 'yar waya ce ta kwance. Manomin kirki in shukarsa ba ta fito ba, ba ya rugawa kasuwa sayen wani iri. Ya kan tona rami ɗaya tukuna ya gani, ko ruɓewa irin ya yi, ko damshi ne babu, ko kuwa zabi ne suka tone. Haka a ke yi wa mota.

A FARA DA KUNNE

In an murɗa makulli, ɗayan abu uku za a ji. Na fari, shiru, ko ɗan ƙas-ƙas kawai. Wannan maganar batir ce, ko kawunansa sun yi tsatsa, ko sitata. Na biyu, inji ya juya da ƙyar, kamar tsohuwa na niƙa. Wannan ma batir ne ya yi sanyi. Na uku, inji ya juya da ƙarfinsa sosai, amma bai kama ba. A kan wannan na ukun darasin yau ya tsaya.

In inji yana juyi da ƙarfi, batir da sitata sun sauke nauyinsu, kada a taɓa su. Kada kuma a riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma a jere. A saki, a huta kamar minti ɗaya. In an gwada sau uku bai kama ba, na huɗu ma ba zai kama ba. A bar sauran ƙarfin batir, don da shi za a yi binciken da ke gaba.

DUWATSUN MURHU UKU

Injin fetur na mota yana bin dabarar da wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya kammala cikin 1876. Fistin yana sauka ya shaƙo iska gauraye da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su ingiza shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Watau inji yana bukatar abu uku: mai, da wuta, da matsi. Kamar duwatsun murhu su ke, in an cire ɗaya tukunya ba ta zama. Kuma lalle su haɗu a daidai lokaci, kamar yadda iri da ruwan shuka su ke haɗuwa.

Saboda haka duk motar da ke juyi ba ta tashi, ɗayan ukun nan ne ya ɓace, ko kuwa lokacin ya goce. Aikin mai mota shi ne ya gano wanne ne, ya fara da mai sauƙi, ya bar mai wuya daga baya.

KAFIN A ƊAUKI SIFANA

A fitar da giya, a ja birkin hannu, a sa dutse bayan taya. A lungunan birni yara ba su rasa taruwa wurin da a ka buɗe gaban mota, a kore su nesa. A kashe taba. In kusa da mai tuyar ƙosai ko mai shayi motar ta tsaya, a tura ta gaba tukuna, don tururin fetur yana bin ƙasa ya tarar da wuta.

Sa'an nan mai mota ya tambayi kansa: me ya faru jiya? In ya ratsa ruwa, ko an wanke inji, a zargi wuta. In ya sha mai a bakin hanya, a zargi mai. In motar ta yi wata biyu a ajiye, a zargi daɗaɗɗen fetur da ɓarnar ɓera. In kuwa zafi ta yi har lagireto ya tafasa kafin ta mutu, abin ya fi haka girma. Lokacin shekara ma yana ba da labari. Damina da laima, hunturu da ƙura, bazara da zafi, kowanne da irin cutar da ya ke kawowa.

FILOGI SHI NE SHAIDA

Bayan an yi ta juya inji, a kwance filogi ɗaya a dubi bakinsa. In a jiƙe ya ke, yana warin fetur, mai yana zuwa ke nan, wuta ce babu, ko kuwa man ya yi yawa. In a bushe ya ke ƙayau, mai ba ya isowa. In ya yi baƙin kunkunniya, inji ya daɗe yana shan mai fiye da kima. In baƙin mai ya lulluɓe shi, zoben fistin sun gaji. Lafiyayyen filogi bakinsa ƙasa-ƙasa ne, kamar ɓawon soyayyar gyaɗa. Wannan dubawa ba ta cin ko kwabo, amma ta raba hanya biyu.

IN WUTA CE

Batirin mota yana da ɗakuna shida, ƙarfinsa bolt 12. Wannan bai isa ya tsallake bakin filogi ba. Kwayil shi ke ɗaga shi ya haura bolt 10,000. Abin da ke sa kwayil ya yi haka shi ne wasu 'yan ƙarafa biyu cikin distiributa, waɗanda makanikai ke kira kwantak. Suna haɗuwa suna rabuwa, duk sa'ad da su ka rabu wuta ta fita. Rota kuma, watau ɗan hannun nan mai juyawa ƙarƙashin murfin distiributa, shi ke rarraba ta ga filogai bi da bi.

Ga yadda za a gwada. A zare babbar wayar da ke tsakiyar murfin distiributa, wadda ta fito daga kwayil. A riƙe ta da filaya mai hannun roba, a kusantar da bakinta ga jikin inji, a bar tsakani kamar kwatan inci, nesa da kafireta. Wani ya murɗa makulli. In tartsatsi shuɗi ya fita yana ƙara tas-tas, kwayil da kwantak lafiya lau. In ja ne ko rawaya, mai rauni, ko babu sam, cutar tana can baya.

In wuta ta fito daga kwayil amma ba ta kai ga filogi ba, a buɗe murfin distiributa. Cikin watan Agusta, sa'ad da ruwa ke malala a titunan birni ya nufi Jakara, sau da yawa laima ce kawai ta kwanta a ciki. A goge da busasshen tsumma, a ɗan shanya a rana. A duba ko murfin ya tsage, ko ɗan gawayin da ke tsakiyarsa ya cinye, ko rota ya ƙone.

In kuwa wuta ba ta fito daga kwayil ba, a nemi ɗan ƙwan fitilar mota mai bolt 12, a ɗaura masa waya biyu. Wannan ɗan abu ya fi kayan aiki da yawa amfani. A sa waya ɗaya jikin inji, ɗaya a ƙaramin kan kwayil inda wayar makulli ta shigo, a kunna makulli. In ƙwan bai kama ba, wuta ba ta zuwa daga makulli, a bi wayar a gani. Motar da ke dakon hatsi ba ta rabuwa da ɓera, ɓera kuwa yana son gaigayar waya. In ƙwan ya kama, a mai da shi ɗaya ƙaramin kan, wanda ya nufi distiributa, a juya inji. Kamata ya yi ya riƙa ƙiftawa. In ya kama ya tsaya cak, kwantak ba su haɗuwa sosai, sun yi datti, ko wayarsu ta katse. In bai kama ba ko kaɗan, kwantak ba su rabuwa, ko kwandansa ya lalace, ko kwayil ɗin kansa.

Rashin rabuwar nan cutar hunturu ce. Ƙura tana shiga ta cinye ɗan dugadugin da ke tura kwantak, tsakaninsu ya yi ta raguwa har ya rufe. A goge fuskokinsu da sanfefa mai laushi, a share da takarda mai tsabta, a daidaita tsakanin. A yawancin motocin nan milimita 0.4 ne, kusan kaurin kwalin akwatin ashana. Tsakanin bakin filogi kuwa 0.6 zuwa 0.7.

Gargaɗi biyu. Kada a bar makulli a kunne inji ba ya aiki, yana ƙona kwantak, yana dafa kwayil. Kada kuma a zare wayoyin filogi duka gaba ɗaya. Kowace da gurbinta. A Peugeot da yawancin injuna masu silinda huɗu, wutar tana bin 1, 3, 4, 2, amma a tsohuwar Volkswagen mai inji a baya 1, 4, 3, 2 ta ke bi. A cire ɗaya, a mai da ita, sa'an nan a cire ta gaba.

IN MAI NE

A fara da tanki, kada a gaskata allurar mai ta tsohuwar mota. A girgiza motar a saurara. Tun da a ka janye tallafin fetur cikin Mayu 2023, kuɗinsa ya ninka, masu mota da yawa sun koma zuba lita biyu ko uku, abin da zai kai su ya komo da su. Wannan yana da illa. Tankin da ba ya cika yana yin gumi daga ciki ya tara ruwa da tsatsa, famfo kuma daga gindi ya ke zuƙa. In an ajiye motar a gangare, ɗan man ya kan koma gefe ɗaya, bakin bututu ya shaƙi iska.

In akwai mai, a cire tukunyar tace iska daga kan kafireta, a leƙa maƙogwaronta, inji a kashe, a ja wayar totur da hannu sau biyu. Za a ga ɗan siririn mai ya tsarto. In ya tsarto, kafireta tana da mai. In babu, a zare ƙaramar wayar kwayil don kada tartsatsi ya fita, a cire tiyon da ya shiga kafireta, a sa bakinsa cikin farar kwalba, a juya inji. Lafiyayyen famfo yana tofo mai da ƙarfi, bul-bul. In ɗiga ya ke yi, a duba matacin mai, a duba tiyo ko ya tsage yana shan iska. A buɗe murfin tanki kuma. In an ji ya ja iska fuu, kafar numfashinsa ta toshe. Zanzaro yana son irin waɗannan ƙananan kafofi, ya kan liƙe su da laka. A zaro sandar awon baƙin mai a sansana. In tana warin fetur, awon kuma ya ƙaru, fatar da ke cikin famfo ta yage, sai an sake.

Kwalbar nan kada a zubar da ita nan da nan. A ajiye ta ta natsa. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi za a gan shi kwance a gindi. A ɗiga kaɗan kan farar takarda. Fetur tsantsa yana bushewa bai bar tabo ba, wanda a ka surka da kananzir ko gas ya kan bar maiƙo. Irin wannan man inji mai zafi ya kan daure ya ƙona shi, amma da sanyin asuba ba ya kamawa. Shi ya sa motar da ta sha man jarka da maraice ta iso gida lafiya, gari ya waye ta ƙi tashi. Araha ba ta ado. Maganinsa a juye tanki, a wanke kwanon kafireta. Kada a zuƙi fetur da baki, in ya shiga huhu yana kisa.

Yawan mai ma cuta ne. Inji yana son iska kamar kashi 15 ga fetur kashi ɗaya, bisa nauyi. Direban da ya ja cok, ya yi ta tattaka totur, ya shaƙe injinsa da mai. Alamarsa warin fetur da jiƙaƙƙen filogi. A mai da cok, a taka totur har ƙasa a riƙe, kada a ɗaga, a juya inji. In bai yi ba a kwance filogai a shanya su.

Da bazara kuma, cikin Afrilu da Mayu, in an kashe mota mai zafi an shiga Kasuwar Kurmi an fito, ta kan ƙi tashi. Zafi ne ya tafasa man da ke cikin famfo da bututu ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. A buɗe gaban motar ta sha iska, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma kan famfo, a jira kamar kwatan awa.

IN MATSI NE, KO LOKACI

In ga wuta, ga mai, amma shiru, a fara duba hanyar iska. Matacin iska da ƙurar hunturu ta toshe yana shaƙe inji. A zagaya baya a dubi bakin salansa. Wanda ya yi baya-baya ya soki katangar ƙasa ko tudun yashi ya kan toshe shi bai sani ba, injin da ba ya fitar da hayaƙi kuwa ba ya shaƙar sabo.

Sa'an nan a saurari juyin. Inji mai matsi yana juyi yana ɗan cijewa. In yana wulwulawa da sauri sumul, ba cijewa, matsi ya tafi. A buɗe murfin distiributa a juya inji. In rota bai motsa ba, sarƙar taimin ko bel ɗinta ta katse, a daina juyawa nan take. A zare wayar kwayil, a kwance filogi, a toshe ramin da babban yatsa, a juya inji. Lafiyayyen silinda yana ture yatsa da ƙarfi. In baƙin mai ya koma fari-fari kamar an dama fura, ruwa ya shiga, gaskit ɗin kan inji ya ƙone. In kuma inji yana tari ta kafireta, ko yana harbi ta salansa, wuta tana zuwa ba kan lokaci ba. Duk waɗannan aikin bakanike ne, kada a taɓa su a bakin hanya.

MAGANAR TURI

Da mota ta ƙi tashi, abin da a ke fara cewa shi ne a tura. A da da hannu a ke tada inji, da ƙarfen nan mai lanƙwasa, har Charles Kettering na Amurka ya ƙera sitata mai lantarki, a ka sa ta cikin Cadillac a 1912. Turi aikin sitata kawai ya ke yi. Saboda haka yana amfani in batir ya yi sanyi, sitata ta kwashe ɗan ƙarfin da ya rage, kwayil bai sami kome ba. Amma in inji yana juyi da ƙarfi, ko an tura shi daga Ƙofar Mata har Ƙofar Kabuga ba zai tashi ba. Lungunan birni kuwa don jaki da raƙumi a ka yi su, ga kwata hagu da dama, ga yara. Mota mai lodi da inji a kashe, birkinta ba shi da ƙarfin da a ka saba.

SAURAN INJUNA

Motocin da su ka biyo baya, irin 'yan Kwatano masu injekta, ba su da kafireta, ba su da kwantak, amma duwatsun murhun su ne dai ukun nan. A kunna makulli a kasa kunne wajen tanki, za a ji famfo ya yi zuu na daƙiƙa biyu. In shiru, a duba fis. In abin ya wuce nan, sai mai na'urar bincike. Tarakta da babbar mota masu shan gas ba su da filogin tartsatsi, zafin matsi ke kunna mansu. Babbar cutarsu iska ta shiga bututun mai bayan tanki ya ƙafe, sai an fitar da ita. Ƙaramin injin ban ruwa na fadama kuwa a bi shi kamar mota: filogi, famfon mai a buɗe, datti cikin kafireta.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Ga abin da ya kamata kowane mai tsohuwar mota ya riƙe:

1. Cikin mota kullum a sami sifanar filogi, da sukudireba, da filaya, da ɗan ƙwan gwaji, da sanfefa, da farar kwalba, da kwantak da kwandansa da rota na ajiya.

2. Da hunturu a riƙa kakkaɓe matacin iska kowane mako. In irin mai kwanon baƙin mai ne, a wanke a sake man.

3. Kafin damina ta sauka a sake duk wayar filogi da ta tsattsage.

4. Motar da ke ajiye a riƙa tada ta kowane mako ta yi zafi, a fili, ba cikin rufaffen gareji ba, don hayaƙin salansa yana kashe mutum bai ji wari ba. A share hatsin da ya zube cikinta.

5. In za a yi lodin kayan gwari da asuba, a gwada motar tun da maraice.

In abin ya kai ga kiran bakanike, mai mota ya gaya masa abin da ya gani filla-filla: wuta ta fito ko ba ta fito ba, filogi a jiƙe ko a bushe, abin da ya faru jiya. Kada ya yarda a sayo wani ƙarfe sai an nuna masa da ido cewa tsohon ya mutu, a kuma ba shi tsohon ya ajiye. Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan, don ya rage masa rabin aiki.

Mako mai zuwa za a yi bayani kan yadda a ke kula da batir, da ruwan da ya kamata a ƙara masa, da wanda bai kamata ba. Allah ya kai amfanin gona kasuwa lafiya.